Saurar Nomau

Shekara uku ke nan Nomau bai dawo ba.
Ya tafi Ikko cin rani da buhu ɗaya a ka,
ya bar mini gonarsa ta bayan Kware
da kalmen da ƙotarsa ta tsage.
Ni kuwa gwiwa ta hana ni gama tawa,
balle ta ƙanena.
Sai gona ta kwanta.

Daminar farko ƙarangiya ce ta ci gado.
Masu wucewa kasuwa suna kaɗa kai:
"Ɗiyan Arzika sun lalace,
ƙasa kamar hanta, anka bar ma awaki."
Na ji. Ban tanka ba.

Ta biyu ƙyasuwa ta fito, harkiya ta biyo,
gamba ta miƙe a bakin kwari har ta fi ni tsawo.
Wata asuba, ban ko gama alwala ba,
wata murya mai kaushi ta tsaga duhu.
Na ajiye buta.
Fakara ce.
Rabona da kukanta tun ina bin kakana da goran ruwa,
tun ana raba gona uku a bar kashi ɗaya ya yi barci,
kafin gado ya yayyanka ta kamar naman layya,
kafin tulun feshi ya hau bayan kowane saurayi.

Na fara ƙirga da tsakuwa a aljihu.
Sheƙar fakara huɗu a gindin gamba.
Ƙwan yautai biyu a tsirarar ƙasa,
launinsu da na ƙasar ɗaya,
saura taki guda in taka.
Zakaran ƙeƙuwa ya bi ni da zagi har bakin hanya,
kamar ni ne baƙo a gonar ubana.

Ran nan jikata Tumba ta shigo da gudu, ba sallama:
ta ga kaza mai wuyan raƙumi tana tafiya a ciyawa.
Shekarunta tara.
Na ce mata, tuje ke nan.
Ta maimaita a hankali,
kamar mai ɗanɗana goro karon farko.

Masu lauje sun zo da kuɗi a hannu,
na ce su dawo bayan gero ya yi kai.
Jaɓɓo mai shanu ya jingina da sandarsa,
ya daɗe yana kallona,
sannan ya kora ta arewa.

Amma rumbu ba ya jin waɗannan labarai.
Kulu ta zura hannu har kafaɗa kafin ta taɓa zangarniya.
Ta ce, "Malam, kukan fakara ba shi shiga tukunya."
Gaskiya ta faɗa.
Na lura kuma sabara ta fara haɗe kai a tsakiya,
tuje kuwa ba ya son inda ba ya hango nesa.

Bana Nomau ya bugo waya.
Ya aiko kuɗin huɗa. Ya ce a noma.

Ranar Asabar shanu suka shiga.
Ciyawar shekara uku tana kifewa kunya bayan kunya,
balbela na bin garma suna biki.
Can tsakiya wata fakara ta ƙi tashi
sai da hancin sa ya kusa taɓa ta.
Ƙwai shida. Na duƙa da gwiwar nan tawa.
Da ɗumi.

Yaron da ke riƙe da garma ya dube ni.
Na ce, kewaya.

Yanzu in ka hau tudu ka kalli gonar Nomau
za ka ga kunyoyi sun karkace a wuri guda,
da tsibirin ciyawa bai fi tabarma uku ba.
Shaho ma ya gan shi.
Tun hantsi yake shawagi a kai.

Jiya Tumba ta tambaye ni ina tuje ya koma.
Na nuna mata wajen Rima,
don dai hannuna ya sami inda zai nuna.
Tsakuwa ɗaya ta rage a aljihuna.
Kowace asuba ina jinkirta alwala,
ina saurare.