Hannun da ke Kashe Fitila

Ƙarfe biyun dare a Harobanda.
Kuran ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa.
Takardar neman gurbin dakta na buɗe a gabana,
batir saura sha tara.
Sun ce: cikin layi goma, faɗi abin da kike nema.

Layi goma.
Tsahiru ma bai cika shekara goma ba.

Wata shidansa na farko ko mura bai yi ba.
Inna na goya shi har kasuwar Tawa,
masu albasa na jan kumatunsa.
Sannan yatsu suka kumbura,
sannan ƙashi ya koyi kuka da dare.
Amosanin jini, in ji likita,
yana rubutu bai ɗago kai ba.

Sai da na tsallako kogi na zo Yamai,
Malama Barira ta zana mana a allo:
baƙaƙe huɗu tak,
da su aka rubuta ni, da ke, da hatsin gona.
Ta ce jinin da ɗa ke yi a cikin uwa
ba ya lanƙwashewa kamar lauje.
Shafinsa na nan, ba a yage shi ba,
rufe shi ake yi bayan haihuwa,
kamar mai ɗaki ya hure fitila
don ya ga gari ya waye.

Ranar ban ci tuwo ba.
Ashe maganin na cikin jikinsa
duk daren da muke gasa masa gwiwa da tsumma,
ɗaki a kulle, mu a ƙofa, babu makulli.

Ba ni da farar riga, ba na riƙe allura.
Abin da na iya shi ne tankaɗe:
in zuba baƙaƙe biliyan uku a na'ura,
in yi ta kaɗa rariyar lissafi
har tsaki ya rabu da gari,
in ga wa ke cewa buɗe,
wa ke cewa isa haka,
da wane saƙo, a wane wata.

Baba ya ce a waya: shekara huɗu kuma?
Wane irin dakta ne ba ya duba mara lafiya?
Na ce irin mai haƙa rijiya ne, Baba,
ba lalle shi zai fara sha ba.
Ya yi shiru. Na ji akuya na kuka bayansa.

Batir saura shida.
Na goge kalmomin ado, na goge godiya mai tsawo.
Na rubuta: ina neman hannun da ke kashe fitila,
in roƙe shi ya dakata.

Sauro na waƙa a kunnena.
Can ƙasa wani masunci ya tura jirgi cikin duhu.
Layi tara sun rage fari fat,
na fara na biyu.