Rubu'in Ƙwaya

Shekara ashirin da shida ina jan keken hawan tudu
a Valparaíso,
akwatin katako mai kwasar mutane
daga bakin teku zuwa unguwannin sama.
Na san kukan igiyar ƙarfe in ta gaji.
Ban san akwai irinta a jikina ba
sai ran da na miƙe daga kujera,
jini ya ƙi hawa kaina,
na farka kuncina a kan siminti,
Nélida tana kiran sunana kamar daga bakin rijiya.

Likita Urrutia ta zana mini a bayan takarda.
Ta ce akwai jijiyoyi masu aiki ba da izininka ba,
su ke riƙe da bugun zuciya, da gumi, da hanji.
Naka sun daina jin magana.

Sai kuma ƙafafu.
Da dare tururuwa ke ɗauko garwashi
daga yatsu zuwa idon sawu.
Ko zanen gado ya taɓa ni, reza ne.

Ƙwaya ta farko ta kashe wutar, ba zan yi mata ƙarya ba,
amma ta haɗa da fitilar kaina.
Na yi barci awa goma sha huɗu,
na tashi ina neman sunan cokali
alhali yana hannuna.

Ta biyu ta busar da bakina kamar tsohon takalmi.
Zuciya ta ɗiba a guje, ɗari da arba'in a minti,
ni kuwa kofi kawai nake wankewa.

Ta uku, a bar maganarta.
Tabon yana nan a girata.

Yanzu Nélida ke yanka ƙwaya
a kan farantin da uwarta ta bar mata,
tabarau a karan hanci,
gida biyu, sannan gida huɗu.
Mai kantin magani ya yi dariya,
wai wannan ko kyanwa ba za ta ji shi ba.
Na ce masa kyanwa ba ta faɗuwa in ta miƙe.

Ciniki nake yi kullum,
irin na masu kifi a bakin ruwa da asuba.
Ciwo ya yi kuɗi, na taya.
In na ba da safiyata ga jiri,
ya sallama mini rabin dare.
In na ce ina son idona garau
don jikata Amaro zai zo da littafin lissafi,
to ranar ƙafa ce za ta biya.
Ba a taɓa cewa albarka an tashi ba,
gobe ma kasuwar na ci.

Ruwan gishiri a gora,
ni da na girma teku na shigo mini ta taga.
Safa mai matse ƙwauri,
mu biyu muke kokawar sa ta, muna zagin wanda ya ɗinka.
Ga ɗan littafin da take rubutawa:
Talata, rubu'i, jiri kaɗan, ya ci abinci.
Laraba, rubu'i, ya yi fushi.
Alhamis ba ta rubuta kome ba,
ranar ita ce ta yi kuka.

Likita ta ce in mako uku ya wuce lafiya
sai mu ƙara wani rubu'in.
Na ce sannu ba ta hana zuwa.
Ta ce wani lokaci tana hanawa,
in ta hana, mu canza hanya.
Na ji daɗi da ba ta lallashe ni ba.

Matakala ɗari da sittin da biyu
tsakanin ƙofata da titi.
Jiya na sauka tara, na zauna.
Daga nan ana jin ƙararrawar keken.
Yaron da ya gaje ni yana sakin birki da gaggawa,
ina ji a haƙorana.
Wata rana zan gaya masa
kaya mai nauyi a hankali ake ɗaga shi.

Na dafa bango.
Na ƙirga talatin, kamar yadda aka koya mini,
ina jiran jini ya iso sama.