Gwiwar Baba Filibus

Na ɗebi jininsa ranar Talata
a 'yar kwalba mai jan murfi.
Shekara tara ina auna jinin mutanen Gombe,
hannuna bai taɓa rawa ba sai ran nan.

Gwiwarsa ta hagu ta kai ƙoƙon shan kunu,
in ka taɓa, zafi kamar gefen murhu.
Ya ce, "Briskila, dutse ne ya shiga.
Shekara saba'in ina taka Tula,
yau ita ta taka ni."

Na ce sanyin can sama ne, da iska marar kauri,
da hawa da sauka da buhun gyaɗa a ka.
Likita ya ce wataƙila.
Ya ce jiki kan hura wuta don ya tsare gidansa,
wani sa'in ya yi barci bai kashe ta ba.
Ko tudu ke ƙara mata itace,
ko shi ke yayyafa mata ruwa?
Ya rufe biro. "Sai mun gani."

Sai na riƙe shi a Tunfure,
ɗaki mai fanka, katifa mai taushi,
ƙwaya fara da safe, rawaya da dare.
Mako uku, gwiwa ta ɗan sace.
Na yi murna, na kira Ishaku a waya.
Mako biyar, idon sawu ya tashi,
duka biyu, takalmi ya ƙi shiga.
Ya daina tambayar awakinsa.
Ya ce iskar garin nan kamar koko take,
sai da ludayi ake shanta.
Da la'asar yakan juya kujera kudu
ya zuba wa katangar maƙwabci ido.

Ban yi gardama ba ran da ya ɗaure jakarsa.

Daga Kaltungo mota ta kama hawa,
tana nishi, tana tari a kowace kwana.
Kunnena ya toshe.
Inda titi ya ƙare muka taka,
ni da jaka, shi da sanda,
kuma ni ce na fara neman dutsen zama.
Ƙirjina na dakan sakwara,
kaina na sara,
zoben aurena ya cije yatsa ya ƙi juyawa.
Ya waiwayo, ya dubi hannuna, ya yi dariya,
karon farko tun Talatar nan:
"Ga naki ya fara shiga."

Takardar gwajin na cikin jakata,
lambobi bakwai, biyu na ja wa layi.
Na karanta masa a hankali, na fassara.
Ya karɓa da hannu biyu, ya gode,
ya ƙunshe irin kuɓewa a ciki
ya soke a jinka.

Da dare na shafa masa man kaɗe.
Sawun ya saɓe. Gwiwar kuwa tana nan,
da zafinta, kamar an bar garwashi a toka.
Can ƙasa fitilun kwari na ƙiftawa.
Na bar tafina a kanta har ya yi barci,
ban san ko wutar nake kashewa ba
ko ɗumi nake ji.