Daƙiƙa Arba'in da Na Yanke

Kwana goma sha ɗaya na yi a ɗakin tace hoto,
bayan Taminus, saman shagon mai gyaran rediyo,
ina wanke daren Asabar ɗin nan
kamar mai wankan gawa: a hankali, ba magana.

Kyamara huɗu muka kafa
bakin tsohon ramin kuza da ya zama tafki.
Dalyop da jitarsa mai kukan ƙarfe,
Nanret a makirufo,
Tanimu Gajere ya nutse cikin gangunansa.
Sanyin Jos na cizon kunne,
mutum ɗari bakwai na tururi kamar tukunyar gwate.

Na cire inda tsirkiya ta tsinke.
Na cire tarin Nanret.
Baitin da ta manta, situdiyo muka koma
ta sake rera shi sumul, tana kurɓar shayi.
Inda janareto ya mutu kuwa,
daƙiƙa arba'in na baƙin duhu,
na sa almakashi, na haɗa baki da baki,
ko tabo babu.

Ranar haskawa aka jera kujerun roba.
Hoto tangaran, sauti kamar ruwan gora.
Kowane ƙiftawar ido na sauya kusurwa
don kada a ce ban iya ba.
Aka tafa, irin tafin da ake yi wa jawabin shugaban taro.
A bakin ƙofa Tanimu ya riƙe mini hannu:
"Sabitu, aiki ya yi kyau.
Amma wasan wa ka ɗauko?
Ni dai ban je wannan ba."

Ban yi barci ba.
Da asuba na tono abin da na zubar,
har da na Chundung, yarinyar da ke koyon aiki,
wadda na ce ta tsaya can baya ta riƙe waya.
Ashe ta kunna 'yar tsohuwar kyamararta.
Hoton na rawa kamar a bayan acaɓa,
rabinsa ƙeyar Tanimu ce.

Amma ga filasta a yatsansa ta jiƙe da jini.
Ga leɓensa na ƙirga, ɗaya, biyu, uku.
Ga Dalyop ya dubi tsinkakkiyar tsirkiya,
ya yi dariya, ya ci gaba da biyar.
Ba ta yanke ba. Ba ta san ana yankewa ba.

Sai duhun.
Jita ta mutu, makirufo ya mutu.
Ganga ba ta san da zaman janareto ba.
Tanimu ya ci gaba da duka,
wata mata kusa da Chundung ta ɗauki amshi
da murya kamar ƙofar kwano,
na gefenta ya karɓa, na gefensa ma,
har tafkin ya fara mayar musu da shi.
A cikin wannan baƙin
ba ka ce ga ɗan Gangare, ga ɗan Tudun Wada.
Maƙogwaro ne kawai, ɗari bakwai.

Da wuta ta dawo
ta kama su baki buɗe,
kowa da kunyar wanda aka tarar yana kuka.

Na mayar da shi duka: tarin, tsirkiyar, duhun.
Mai kamfanin lemon da ya biya kuɗi ya kira,
wai tambarinsa bai fito ba,
wai wa zai sayi allo baƙi?
Bai yi ƙarya ba. Ba mu mayar da kuɗin mai ba.

Sai dai Baba Gyang, mai rediyon ƙasa,
yakan hawo bayan la'asar, gubar dalma a hannunsa,
ya zauna kan kwalin faifai, ya ce,
"Sa mini wurin nan."
Na ce wane?
"Wurin da ba a ganin komai."