Kabari na Bakwai

Bayan Bukuru, gaban tsohon ramin kuza, motar ta gaji.
Ngo Chundung ta hau dutsen da ƙafa,
carbi a hagu, kyandir a bakin zane.

Gicciye shida, farin fenti,
sunayen da harshe ke tuntuɓe da su.
Fada na kiransu ɗaya-ɗaya,
muna amsawa: ku yi mana addu'a.

Ita ta wuce su duka,
ta durƙusa can jikin kerana
inda wani dutse ke kwance ba rubutu.

"Tafintansu ne. Kakana.
Da bakinsa suka yi wa'azi,
rana ɗaya suka faɗi."

Sau uku iska na kashe kyandir.
Ashanata ta ƙare.
Ta ce, bar shi, ya saba.