Ɗori

Ina da sha biyu a duniya
ranar da Madam Agyeiwaa ta zana kara biyu a giciye,
irin alamar da masu rusau ke shafa wa shaguna.
Ta ce, "Lamba ce, ta ƙi faɗin sunanta.
Ku nemo ta."
Ruwan Kumasi na dukan kwanon aji,
rabin bayaninta ya bi lambatu.

Na koma Abuabu da sifiri a littafi.
Kakana Baba Seidu na zaure,
ƙafar wani yaron gareji bisa cinyarsa,
inji ya faɗo mata da hantsi a Suwame.
Bai ɗago ba ya ce, "Barikisu, wa ya mutu?"
Na ce sabon lissafi ne, wai aljabara.

Hannunsa ya tsaya.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Jabru ke nan!
Sana'ata aka kai makaranta aka sa mata takalmi.
In ƙashi ya rabu da ɗan'uwansa
ka mai da shi mazauninsa,
Balarabe ya ce ka yi jabru.
Can Bagadaza, shekara dubu da ɗoriya,
gado na rikicewa, da bashi, da awon gona,
sai masana suka ɗora lissafi kamar ƙafa.
Wanda ba su sani ba suka ce masa 'abu',
suka ba shi tabarma,
suka ci gaba da aiki yana zaune."

Ya kamo hannuna ya aza bisa ƙaurin yaron.
"Kina ganin ƙashin? Ni ma ba na gani.
Lafiyayyar ƙafa nake tambaya,
ita ta san tsawon 'yar'uwarta.
Abin da na yi wa dama, da shi zan auna hagu
har su zo kai ɗaya."
Ya ja.
Yaron ya kira uwarsa da Tonanci.
Ni na riƙe karare, ni na miƙa tsumma.

Inna daga madafi ta ce duk surutu ne.
"Tun tana shida nake aikenta da dubu biyar,
koko na biyu, ƙosai na abin da ya samu,
ta dawo mini da ɗari biyar cif.
Wa ya gaya mata kuɗin ƙosan?
Kunnenta ya san amsar kafin allo."

Yau ni ke riƙe da alli a Asawase.
Iyaye na tare ni bakin ƙofa:
a wane aji ake farawa, Madam,
bai yi wa yaro wuri ba?
Ina faɗa musu abin da manhaja ta ce,
ragowar kuma in haɗiye,
don layin torotoro ba ya jira.

Da Baba ya rasu ni aka ba takardar gado.
Ɗaki biyu, buta, damin karare,
bashin sidi tamanin wurin mai nama.
Na fitar da tumunin Iya, na raba saura,
dama da hagu suka daidaita,
babu wanda ya yi ƙorafi.
Kararen ne ba mai so.
Suna bayan ƙofata.

Makon jiya a Kejetiya
na hangi yaron garejin, har da furfura,
buhun albasa a ka, yana ratsa motoci da gudu.
Na tsaya ina duban ƙafafunsa
har ya ɓace,
na kasa tuna wacce ce.