Bayan Mussata

Tun daren Talata a Mabera
fatar bayan Toka ke rawa
kamar ruwan randa in an jefa tsakuwa.
Ba ƙuma. Sau uku na tsefe gashin.

Sai ta juya ta ciji wutsiyarta
kamar ta kama ɓarawo.
Mai kwana kan ƙafata
ta shige bayan firji tana huci.

Inna Ige ta ce a turara hano.
Likita Jabbi ya shafa, ya shafa,
ya ce, "Jijiya ce, wataƙila."
Wataƙila ɗin na biya kuɗinta.

Jiya an ɗauke wuta.
Cikin duhu na ji ta dawo,
ta kwanta taƙi ɗaya daga gare ni.
Ban miƙa hannu ba.